Faifan Garmaho Ya Dawo Falo

A shekarar 2022 an sayar da faya-fayan garmaho miliyan 41 a Amurka, na CD kuwa miliyan 33. Rabon da garmaho ya sha gaban CD a yawan ciniki a ƙasar tun 1987. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ita ta fitar da alƙaluman, ta kuma ce kuɗin da baƙin faifan ya kawo a shekarar ya kai dala biliyan 1.2. Da shekara ta zagayo, adadin ya haura zuwa miliyan 43. Duk wannan yana faruwa ne a zamanin da mai waya a aljihu zai iya jin kusan kowace waƙa da aka taɓa ɗauka a duniya ba tare da ya motsa daga inda yake kishingiɗe ba. Kuma ba dattawa kaɗai ke sayen ba. Matasan da aka haifa bayan an rufe yawancin masana'antun faifai suna cikin manyan masu ciniki, mawaƙan yau irin su Taylor Swift kuwa ɗaruruwan dubbai suke sayarwa na sababbin waƙoƙinsu a kansa.

Idan ka tambayi masu wannan sha'awa dalili, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce wai sautin faifai ya fi na dijital. Ni mai son faifai ne ƙwarai da gaske, amma ban yarda da wannan amsa yadda ake faɗinta ba. Abin da faifai ke bayarwa babba ne, sai dai ba a nan yake ba. Kafin a kai ga inda yake, gara a san yadda abin ke aiki, domin rabin gardamar da ake tafkawa a kansa rashin wannan sanin ne ke kawo ta.

Faifai dai faranti ne na roba mai tauri, wadda ake kira PVC. A kowace fuska tasa akwai tsaga guda ɗaya tak, ta faro daga baki tana kewayawa har ta kusa tsakiya. Faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma da za a miƙar da ta babban faifai, za ta tasam ma rabin kilomita. Tsagar tana da ƙananan lanƙwashe-lanƙwashe da ido ba ya gani, kuma su ne sautin kansa, an sassaƙa shi a jikin roba. Allura mai bakin daimon tana bin tsagar kamar yadda garma ke bin kwarin kunya, tana karkarwa daidai da sassaƙar. Karkarwar ce ke motsa ɗan maganaɗisu kusa da naɗin waya a cikin ɗan akwatin da ke riƙe da allurar, sai a samu lantarki ɗan kaɗan, 'yan milibolt. Amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, sifika ta kaɗa iska da shi, kunne ya ji. In ka rage muryar amfilifaya gaba ɗaya ka kara kunne kusa da allurar, za ka ji waƙar tana fitowa ƙasa-ƙasa daga jikinta.

Thomas Edison ne ya fara kama murya a na'ura a 1877, amma a jikin wani gwangwani mai juyawa. Shimfiɗaɗɗen faifai aikin Emile Berliner ne, Bajamushe mazaunin Amurka, wanda ya yi rajistar garmahonsa a 1887. Fiye da shekara hamsin faya-fayan da ke kasuwa da shalak ake yin su, wani irin ƙaro da ƙananan ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya da Tailan. Suna juyi 78 a minti, ga nauyi, ga saurin fashewa, kuma a yawancinsu fuska ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti uku da ɗoriya. Irinsu ne suka fara zuwa ƙasarmu tare da garmaho mai hannun wanawa da allurar ƙarfe da ake canzawa a kai a kai. Harshenmu ma bai makara ba wajen hawa kansu: tsakanin 1927 da 1929 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa, ya buga ya turo kasuwannin gida. Sai dai ka auna minti uku da makaɗin da ya saba kwana yana kiɗa a gidan biki ko a ƙofar fada. Kafin ya gama buɗe waƙa, 'yan amshi su zauna a kan amshinsu, lokaci ya ƙare.

A watan Yuni na 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba, inci 12, mai juyi 33 da sulusi a minti, wanda injiniyoyi ƙarƙashin Peter Goldmark suka ƙera. Fuska ɗaya ta koma ɗaukar fiye da minti ashirin. A 1949 RCA Victor ya mayar da martani da ƙaramin faifai, inci 7, mai juyi 45, na waƙa ɗai-ɗai a kowace fuska. Sitiriyo kuwa sai a 1958 ya bazu a kasuwa, ko da yake wani injiniyan EMI a Ingila, Alan Blumlein, ya riga ya tsara dabarar tun 1931. Dabarar tana da ban sha'awa. Tsagar tana da bango biyu da suka haɗu a ƙasa, sai aka sassaƙa sautin hagu a bango ɗaya, na dama a ɗayan. Allura guda tana karanta duka biyun a lokaci ɗaya, shi ya sa mai sauraro da ke zaune tsakanin sifika biyu yake jin ganga a wannan gefe, jita a wancan, mawaƙi kuma a tsakiya, inda babu sifika ko ɗaya.

Waɗannan minti ashirin sun canza yadda ake tsara kiɗa a duniya. Su suka ba Miles Davis filin da ya yi kundinsa Kind of Blue a 1959. Su suka ba Fela Anikulapo Kuti damar cika fuska guda da waƙa ɗaya, a sha kiɗa na minti goma kafin ya buɗe baki. Ummu Kulsum ta Masar ko hakan bai ishe ta ba, wasu waƙoƙinta sai an juya faifai ake ƙarasa su. Hatta jerin waƙoƙi a kan faifai yana da dalili na aiki. A bakin faifai tsagar tana wucewa ƙarƙashin allura da saurin kusan santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya kuwa saurin ya ragu zuwa wajen 20. Wuri ya ƙuntata, sauti mai kaifi ya fara dusashewa. Don haka masu shirya faifai suka saba sa waƙa mai zafi a farkon fuska, mai sanyi a ƙarshenta. Abin da ya fara a matsayin larura ya zama salo, har yau ana jin sa a tsarin kundin waƙoƙi da yawa.

To, a koma kan gardamar sauti. In ana maganar awo, faifai bai kai CD ba, kuma ba kusa ba. Tazarar da ke tsakanin sauti mafi ƙanƙanta da mafi ƙarfi da CD ke iya ɗauka ta kai desibel 96, faifai mai kyau kuwa tsakanin 60 da 70 yake tsayawa. Faifai yana da shuu na gogayyar allura, yana da ƙas-ƙas na ƙura, saurin juyinsa yana ɗan tangaɗi, kuma kowane sawa yana ɗan cin jikinsa. Amo mai kauri ƙwarai ma ba ya shiga tsaga yadda yake, sai an rage shi lokacin sassaƙa, an ƙara siririn amo, sannan a wajen sauraro a mayar da kowanne matsayinsa bisa ƙa'idar da RIAA ta tsayar a 1954. Wanda ya ce maka faifai ya fi kawo sauti yadda aka yi shi a ɗakin ɗauka, son zuciya ya faɗa maka.

Amma masu cewa ya fi musu daɗi ba ƙarya suke yi ba. Daga shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar ƙara, kowa na so waƙarsa ta fi ta wani amo a rediyo da cikin mota. Suka riƙa matse sauti, ana ɗaga wuraren sanyi su kamo na zafi, har waƙa ta zama ƙara guda daga farko zuwa ƙarshe, kunne ya gaji bai san dalili ba. Allura ba ta jure irin wannan matsi yadda dijital ke jurewa, saboda haka sau da yawa kwafin da aka shirya wa faifai yakan fi numfashi. Laifin na masu shiryawa ne, ba na dijital ba. Ga kuma ɗan gurɓacewar da allura ke ƙarawa, wanda kunnuwa da yawa ke ji a matsayin ɗumi da taushi. Wani abu da ya faru a 2022 ya isa ya kwantar da ƙurar. Kamfanin Mobile Fidelity na Amurka, wanda masu kunnen ƙwarai ke biyan kuɗi mai tsoka don faya-fayansa bisa imanin cewa dijital bai taɓa su ba, ya amsa cewa ya yi shekaru yana bi ta dijital wajen shirya da yawa daga cikinsu. Aka kai shi kotu, ya yi sulhu da masu saye. Abin lura shi ne, duk tsawon shekarun nan ana ta yabon faya-fayan, kuma sun cancanci yabon, domin an yi aikinsu da kyau.

Abin da faifai ke da shi wanda waya ba ta da shi, a ganina, shi ne yana sa mutum ya zauna. Sai ka tashi ka je kanta ka zaɓa. Sai ka zaro shi daga kwali ka riƙe shi ta gefe, ka goge, ka ɗora, ka sauke allura a hankali. Bayan wannan ɗawainiya ba ka da niyyar tsallake waƙa bayan daƙiƙa goma, tsallakewar ma sai ka sake tashi. Sai ka bar fuskar ta tafi har ƙarshe, a ciki har da waƙar da ba don ita ka sayi faifan ba, wadda watakila bayan wata uku ita za ta zama wadda ka fi so. Ba saƙon da zai shigo ya katse ta, ba talla. Kwalin yana hannunka, faɗinsa ya isa a ga hoto a karanta sunaye: wa ya kaɗa ganga, a ina aka ɗauka, wace shekara. Zanen da Lemi Ghariokwu ya yi wa kwalayen Fela sai a wannan girman ake gane aikin da ke cikinsa. Kuma sauti ne na ɗaki, ba na abin toshe kunne ba. Mai gida da baƙo da yaron da ya shigo kawo ruwa duk abu ɗaya suke ji, shi ya sa hira ke tashi a kansa, a yi musu a kan wace murya ce ta fi, a tuna bikin da aka fara jin waƙar.

Wannan zama ba baƙonmu ba ne. Bayan ƙarin albashin Udoji, da aka biya da ariyas a 1975, gidajen ma'aikata da yawa a Kaduna da Kano da Jos da Zariya sun ga shigowar saitin sitiriyo na Japan, su Pioneer da Kenwood da Sansui da Akai da Technics, suka gaji tsohon rediyo mai haɗe da garmaho da ke cin rabin bango. Abin da ya fi burge ni a wancan zamani ba na'urorin ba ne, kantar faya-fayan ce. A kanta guda za ka tarar da Mamman Shata jingine da Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar, kusa da su ga Jim Reeves da Don Williams, ga Franco na Kwango, ga Muhammad Wardi da Sayyid Khalifa na Sudan, ga Bob Marley da Jimmy Cliff, ga Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga da ta mamaye nahiyar daga 1976. A wasu gidajen kuma a can sama, a keɓe, akwai faya-fayan karatun Alƙur'ani, domin a kan faifai aka fara yaɗa cikakken karatun da aka ɗauka da muryar Shaihu Mahmud Khalil al-Husari a Masar a 1961. Mutumin da bai taɓa ƙetare Kwara ba ya san muryar Bombai da Kinshasa da Khartum da Kingston, kuma ya san su sani na zama da maimaitawa, ba na wucewa ba.

Jin daɗin saiti mai kyau a nan yake fitowa, wajen bambancin abin da ake ɗora masa. Kowane irin kiɗa da abin da yake nema daga na'ura, da abin da yake koya wa kunne. Ɗan Maraya Jos murya ce da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ba abin da zai ɓoye aibi. In sifika ba ta iya fitar da tsakiyar sauti tsaf ba, nan take za a gane, in kuma ta iya, sai ka ji kamar yana zaune a kan tabarma gabanka. Kalangun Shata yana hawa yana sauka yana bin karin magana, kuma a saiti mai kyau kana iya raba babban kalangu da 'yan kanzagi, ka bi kowanne daban. Kotson Musa Ɗanƙwairo da tarin muryoyin 'yan amshinsa suna neman fili, in aka cusa su a ƙaramar sifikar waya sai su dunƙule su zama hayaniya. Waƙoƙin finafinan Indiya na shekarun 1960 da 1970 tarin goge ne na Turawa da tabla da sarewa, ga muryar Lata can sama, wadda allurar da ta ci ko aka ɗaura ta a karkace ke mayarwa tsiwa. Rege kuwa gwajin amo mai kauri ne. A nan ake sanin ko sifika tana da ciki ko buge-buge kawai take yi. Jitocin Kwango uku ne ko huɗu suna saƙa da juna, sitiriyo ne ke warware maka su. Wanda ya saba zagaya waɗannan duka a dare ɗaya, kunnensa ba zai zama ɗaya da na wanda ke jin iri guda ba. Bayan ya ji yadda Wardi ke jan murya, in ya dawo kan Haruna Uji da gurminsa zai ji abin da bai taɓa lura da shi ba.

Manhajojin sauraro na yau suna da waƙoƙi fiye da abin da mutum zai iya ji a rayuwarsa, kuma ni'ima ce babba, ba na raina ta. Matsalar ita ce an gina su ne su kawo maka irin abin da ka riga ka so. Ka ji waƙar soyayya ɗaya, a jero maka ɗari masu kama da ita. Kantar faifai ba ta san abin da kake so ba. Abin da mahaifi ya bari, da wanda aboki ya ara maka bai dawo karɓa ba, da wanda ka tsinta a gwanjo don kwalinsa ya ja idonka, su ne a ciki. Ƙarancin ne ke sa a saurari kowanne har a san shi.

Game da kayan aiki, an cika tsoratar da mutane. Abin da ake bukata na'urar juya faifai ce mai tsayayyen gudu, da allura lafiyayya, da amfilifaya, da sifika biyu. Tsofaffin amfilifayoyi na shekarun 1970 da 1980 kusan duk suna da mashigar da aka rubuta wa PHONO, wadda ke ƙara ƙarfin siginar allura ta kuma yi gyaran nan na RIAA. Na zamani da yawa ba su da ita. In aka jona na'urar kai tsaye sai a ji sauti siriri marar ƙarfi, a zaci faifan ne ya lalace, alhali ɗan akwatin da ke wannan aiki ne ya kamata a saya a sa tsakani. Nauyin da allura ke dannawa yana da muhimmanci: yawancinsu tsakanin giram ɗaya da rabi ne zuwa biyu da rabi, kuma rashin nauyi yana ɓarna kamar yawansa, domin allurar da ba ta zauna ba tsalle take yi tana dukan bangon tsaga. Saboda haka ba na ba kowa shawarar ƙananan na'urorin nan masu kama da akwatin hannu. Da yawansu suna dannawa da giram biyar ko fiye, kuma ba a iya daidaita su. Allurar daimon kanta tana ci bayan awa 500 zuwa 1,000 na aiki. Wanda ya sayi na'ura ta gwanjo, ya canza allura kafin ya ɗora faifan da yake ji da shi.

Wurin ajiye sifika ya fi tsadar wayoyin haɗi tasiri nesa ba kusa ba. A raba su, a janye su daga lungu, a ɗaga su daidai kunnen mai zama, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da wadda ke tsakanin kowacce da kujera. Kada a ɗora su kan teburi ɗaya da na'urar, don girgizarsu na komawa cikin allura. Falo mai tayil da bango tsirara yana mayar da amo ya rikita sauti. Darduma da labule da kujeru masu laushi sun isa gyara. Na ga masu kashe dukiya a kan na'ura, suna canza wannan suna canza wancan, faya-fayansu kuwa ba su wuce goma ba, su ma don gwada na'urar ake sa su. Wannan sha'awar ƙarfe ce. Da za a raba kuɗin, kaso mafi tsoka ya tafi ga faya-fayai, da an fi cin riba.

Yanayinmu kuma yana da nasa sharuɗɗan. Zafin bazara yana lanƙwasa faifai, musamman wanda aka bari a mota ko inda rana ke shigowa ta taga, ko aka jibga su kwance wani kan wani. A tsaye ake jera su, ba a matse ba, ba a jingine a karkace ba. Hunturu ya fi ɓarna: busasshiyar iska tana tara wa roba irin lantarkin nan da ke sa riga tartsatsi, shi kuma ya jawo ƙura ta shige tsaga. Burushi mai laushi kafin kowane sawa, da rufe murfin na'ura, da mayar da faifai rigarsa da zarar an gama, su ne magani. Wanda ya yi datti sosai a wanke shi da tataccen ruwa, a kiyaye takardar tsakiya. Faifan shalak mai juyi 78 kuwa kada a kusantar da sifirit gare shi, narkar da shi yake yi, kuma allurarsa daban ce, ta fi kauri. Sai batun wuta. Tamu bolt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Amurka 120 ce mai bugu 60. Na'urar da aka yi wa kasuwar Amurka, in injinta na bin bugun wuta ne, ko an sa mata taransifoma za ta riƙa juyi ƙasa da 28 a maimakon 33, murya ta yi kauri ta ja. A duba wannan kafin a biya kuɗi. Wutar janareto mai hawa da sauka ita ma tana sa irin wannan injin tangaɗi, inbata mai kyau ta fi masa.

Ba zan ɓoye ba, sha'awa ce mai tsada. Sabon faifai ɗaya a Turai ko Amurka yakan kai dala 25 zuwa 40, kafin kuɗin jigila da canjin naira. Robar da ake yin sa da ita daga man fetur take. Kuma ba duk cinikin nan ne na sauraro ba: wani bincike da kamfanin Luminate ya fitar a 2023 ya nuna rabin masu sayen faifai a Amurka ne kaɗai ke da na'urar sa shi. Sauran ado ne, ko nuna ƙauna ga mawaƙi. Ba laifi ba ne, amma ba shi nake magana a kai ba.

Abin da ya fi damuna yana gida. Najeriya ta taɓa zama babbar cibiyar faifai a Afirka. EMI da Decca da Philips duk suna da rassa a Legas, ga na 'yan ƙasa irin su Tabansi, wanda ya faro a Kano kafin ya koma Anacha, da Rogers All Stars. William Onyeabor har masana'antar buga faifai ya kafa ta kansa a Inugu. Sai kaset ya zo, wanda Philips ya ƙirƙiro a 1963, ga araha, ga aiki da batir, ga sauƙin kwafa. Satar fasaha ta cinye ribar, faɗuwar naira bayan tsarin SAP na 1986 ta sa shigo da kayan aiki ya gagara, kamfanonin waje suka sayar da rassansu suka tafi. A gidaje aka tattara faya-fayai aka kai sito, ruwa da gara da zafi suka yi aikinsu. Daga wajen shekarar 2000 masu neman tsofaffin faya-fayai daga Turai da Amurka da Japan suka riƙa zuwa suna saye da buhu. Daga irin wannan nema aka samu kundaye kamar Nigeria 70 na kamfanin Strut a 2001, da Nigeria Special na Soundway a 2008, da na Onyeabor da Luaka Bop ya fitar a 2013. Ba na zarginsu. Sun tsamo abin da muka zubar, sun wanke, sun nuna wa duniya.

Sai dai kunnensu ya fi karkata ga kiɗan jita da ƙaho na kudu, wanda ake rawa da shi a gidajen rawar Landan da Balin. Namu na arewa ya samu ɗan rabo ta wata ƙofa. Kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, a Portland ta Amurka, ya buga Harafin So a 2013, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, a kan faifan garmaho. Waƙoƙin da aka yi da kwamfuta a Kano, ake tura su daga waya zuwa waya, suka je suka hau allura a wata nahiya. A shekarar ya kuma fitar da kiɗan ogan na Mamman Sani na Yamai, wanda tun 1978 yake kwance a kaset. Mdou Moctar da Bombino, Buzayen Nijar, yau faya-fayansu na shagunan duniya. Tun kafin su, masanin nan David Ames ya ɗauki kiɗan Hausa a ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1960, aka buga a manyan faya-fayai biyu cikin jerin UNESCO. Amma manyan makaɗanmu da kamfanoni irin su EMI suka ɗauka, yawancin abin da ke yawo nasu a intanet kwafin kwafi ne daga kaset da ya gaji, an matse shi ya shiga waya, ba shekara, ba sunan makaɗa, wani lokaci ma an yanke farko ko ƙarshe. Matashin da ya san Shata ta wannan hanya kaɗai bai ji nauyin muryarsa ba.

Inda asalin tef ɗin kamfani ya ɓata, faifan da ke cikin sito shi ne kwafi mafi kyau da ya rage a duniya. Gidajen rediyo irin na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, sun tara su da yawa a ɗakunan ajiyarsu, haka ma gidajen tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwa. Aikin da ke gabanmu ba mai wuyar fahimta ba ne: a nemo su, a wanke, a ɗauke su zuwa dijital da allurar da ta dace ba tare da matse sautin ba, a ɗauki hoton kwali da takardar tsakiya, domin lambar faifai da sunan kamfani su ne ke taimaka wa mai bincike ya gano shekara. Wurare kamar Gidan Arewa a Kaduna da sassan nazarin Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai sun dace da riƙon wannan amana, kuma kayan aikin ba su kai kuɗin mota ɗaya ba. Dattawan da za su iya jin faifai su ce wannan kalangun wane ne, wancan amshin muryar wane ce, suna nan da sauransu, a zauna da su tun yanzu a rubuta. In kuma an kai ga sake bugawa don sayarwa, a nemi magadan mawaƙan a ba su haƙƙinsu, har da iyalan makaɗa da 'yan amshin da sunansu bai taɓa hawa kwali ba.